Wasiƙar da na aika wa ɓarawo

Shinkafa da wake nake sayarwa a Doka, a gindin katangar wata ma'aikatar gwamnati. Na haura shekara goma ina zama a wurin. Daga Katabu nake tasowa da kuloli biyu da bokitin miya, in sauka a Kawo, in ɗauki keke. Ban yi boko ba. Na binne miji, na binne 'ya'ya uku, an taɓa ƙona mini rumfa da duk abin da ke cikinta. Ɗa ɗaya ya rage mini, shi ma ya tafi.

Kafinta ne. Ya ce aiki ya mutu a nan, zai bi hanyar Agadas ya nemi aikin rufi a can gaba. Ban hana shi ba, don ba ni da abin da zan ba shi ya zauna. Ana saura kwana biyu ya tafi, ya zo wurin sana'ata da 'yar takarda a hannu.

"Inna, na buɗe miki imel."

"Me ake dafawa da shi?"

"Akwatin wasiƙa ne, amma a cikin waya yake. A hanya ana ƙwace waya, layi yana mutuwa. Wannan ba ya mutuwa. Na haddace adireshin. Duk inda na samu kwamfuta ko wayar wani, zan rubuto miki."

Layi biyu ne a takardar. Na sama adireshi, na ƙasa kalmar sirri, wadda da ita ake buɗe akwatin.

Ya yi gaskiya a kan maganar layi, sai dai nawa ne ya fara mutuwa. Wata uku da tafiyarsa aka zare mini waya a motar Kawo. Layin kuwa da sunan marigayi maigidana aka yi masa rajista. Na je ofishinsu, suka ce mai layin ya zo da kansa. Na faɗa musu maƙabartar da yake, na ce su je su same shi. Lambar da ɗana ya sani ta tafi ke nan. Saura akwatin.

Ba ni da babbar waya, ko da ina da ita ba zan iya karantawa ba. Amma ina da masu cin abinci, ma'aikata, kowa da wayarsa kamar faranti. Sai na mai da abin al'ada: duk wanda ya gama ci ya wanke hannu, in miƙa masa takardar in ce ya duba mini. A ƙauyenmu haka ake yi da wasiƙa. Duk mai karatun da ya zo wucewa shi ake tsayarwa. Ban ga bambanci ba.

Takardar ta sha mai har ta fara yagewa. Akwai wani direba a ma'aikatar, direban babban darakta, bakinsa ba ya hutawa. Wata rana ya ɗaga ta da yatsu biyu.

"Inna, wannan takarda saura kaɗan ta zama miya. Kawo murfin kularki."

Ya zaro alƙalamin da ba ya gogewa, ya kwafe layin biyu a cikin murfin kular shinkafa, manya-manya.

"Ga shi nan. Sai dai in an sace kular."

Na gode masa, har na ƙara masa nama. Daga ranar, duk sanda na buɗe kula zan zuba abinci, sai in jingina murfin a katanga, yana kallon layin masu saye. Kusan shekara biyu haka.

Sau huɗu ya rubuto. Ta farko daga Agadas, ya ce ya isa lafiya. Ta biyu ya samu aikin rufin kwano, yana tambaya ko gwiwata tana damuna har yanzu. Ta uku layi biyu ce kawai, gaisuwar Sallah. Ta huɗu ya ce zai bi wasu mutane zuwa wani gari a bakin teku, in ya sauka zai rubuto. Kowace daga adireshin mutum daban take zuwa, duk wanda ya yarda ya ara masa waya.

Wadda ta fi karanta mini ita ce Malama, mai buga takardu a ma'aikatar. Ta manyanta, ta kusa ajiye aiki, ba ta cin yaji. Ranar da ta fara ganin murfin sai da ta ajiye cokali.

"Inna, wannan ai kamar ki rataye makullin ɗakinki a bakin titi ne."

"Me ke cikin ɗakin da za a sata? Gaisuwa?"

Ba ta ja da ni ba. Ta dai ce za ta sa lambar wayarta a ciki saboda ɓacin rana, ta kuma aika mini saƙo daga nata akwatin don ta gwada. Na ce ta sa abin da take so.

Wata Litinin, ban ko gama shimfiɗa leda a tebur ba, sai ga ta da sauri, gyale yana ja a ƙasa.

"Inna! Lafiyarki ƙalau?"

"Ga ni kina gani."

"Kin rubuto mini kina asibiti, an yi miki aiki, a taimaka miki."

"Ni? Da wane hannun?"

Ta duba murfin, ta buga abin da ke jiki. Akwatin ya ƙi buɗewa. Ta sake, ya ƙi. Ta ce wani ya shiga, ya canza kalmar, yana roƙo da sunana. Ta ce duk adireshin da ya taɓa rubuto mini an aika masa wannan maganar ta asibiti. Na tambaye ta har waɗanda ɗana ya ara. Ta ce har su.

Lambarta da ta sa ita ta cece mu. An turo mata wasu lambobi a waya, ta yi ta dannawa, washegari akwatin ya buɗe. Ta sa sabuwar kalma, ta ce ko ni ba za ta faɗa wa ba. Amma akwatin fayau yake. Wanda ya shiga ya share komai, har wasiƙun nan huɗu, har adireshin da suka zo da su. Babu inda za mu rubuta mu ce ƙarya ne, lafiyata lau.

Na sa soson ƙarfe na kankare murfin har robar ta yi fari. Na koma kallon fuskar kowa in ina zuba abinci. Wannan ne? Wancan mai gilashin da ba ya gaisuwa ne? Malama ta ce ba lallai a cikinsu yake ba. Ta ce na buɗe akwatin a wayoyi fiye da yadda zan iya tunawa, wata an sayar, wata an sace, mai yin abin ma wataƙila ba a ƙasar nan yake ba. Na ji ta. Ban daina kallonsu ba.

Na ce ba komai, tunda an karɓo akwatin. Ɗana zai ji ina asibiti, zai rubuto cikin gaggawa, mu ce masa ƙarya ne.

Bai rubuto ba.

Kullum da azahar Malama takan zo, ta duba kafin ta zauna. "Babu, Inna." Daga baya ta daina faɗa, sai dai ta girgiza kai tun daga bakin get. Wata ɗaya, wata biyu. Na san ɗana. Ko a bakin kura yake, in ya ji an yanka cikina, zai nemi hanyar magana. Tunda bai yi ba, na san abin da hakan ke nufi. Kowa ya san abin da teku ke yi wa masu bin wannan hanyar.

A Katabu mata suka fara sassauta murya in na shigo. Matar limamin unguwarmu ta same ni a ɗaki, ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta ce sadaka ba ta ɓaci, ko mutum yana raye ko ba ya raye. Na sayi gero kwano uku na ajiye. Ban kai niƙa ba. Kullum sai in ce gobe, har ƙwari suka shiga.

Wata biyar muka yi a haka.

Direban nan ne ya tono abin, shi ma ba da niyya ba. Yana cin abinci yana mita, wai akwatinsa ya cika da tarkace, masu tallar magani, masu tallar fili, har wata da ba ta san shi ba tana cewa tana son sa.

"Su ƙyale ni in huta. Inna ma na san masu neman aure sun cika mata akwati."

Malama ta ce, "Na Inna ko ɗaya babu. Tsaf yake."

"Ko talla?"

"Ko talla."

"Wata biyar?" Ya tsame hannu daga kwano. "Haba Malama. Kwatar da ko leda ba ta biyo ta ba, ai a toshe take daga sama."

Malama ta ɗauki wayarta ta aika mini saƙo, tana tsaye a gabana. Ta buɗe nawa akwatin. Muka jira. Direba ya gama ci, ya wanke hannu, ya tsaya tare da mu. Babu abin da ya shigo. Ta sake aikawa. Babu.

Na rufe kuloli, na bar wa mai goron da ke gefena ya duba mini, muka zagaya bayan ma'aikatar. Akwai wani dattijo mai shagon kwamfuta a wurin, inda ake buga takardu da ɗaukar hoton fasfo. Hajiya yake ce mini, alhali ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Malama ta buɗe masa akwatin a kwamfutarsa. Ya yi ta shiga nan yana fita can, yana tura gilashi sama da yatsa. Can sai ya ce, "Ga shi."

Ban ga komai ba sai ƙananan rubutu.

"Hajiya, kun canza kwaɗo, amma kafin nan ya huda bayan akwatin. Ya bar umarni a ciki. Duk saƙon da ya shigo, a tura masa can, a jefa na nan a kwandon shara. Canza kalma ba ya cire wannan. Sai an shigo nan an cire da hannu."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ya shiga."

"To buɗe kwandon sharar."

Ya buɗe. Akwai abubuwa a ciki. Na ce ya karanta mini su ɗaya bayan ɗaya, kada ya tsallake. Ya karanta. Talla, talla, wani banki da ban taɓa shiga ba, talla, saƙon Malama guda biyu na ɗazu. Na ce ya sake daga sama. Ya sake.

"Shi ke nan?"

"Na kwana talatin ne kawai. Kwandon yana zubar da kansa duk abin da ya wuce haka."

"Na sauran wata huɗun fa?"

"Sun tafi, Hajiya."

Malama ta zauna a kan kwalin takardu ta rufe fuska da gyale. Tana cewa ita ce, ita ta canza kalmar ba ta duba ba, kullum tana ce mini babu, ashe ita ma ba ta sani ba. Na ce ta yi shiru. Ba ita ta jingina murfi a katanga ba.

Dattijon ya cire umarnin. Bai kai minti ɗaya ba. Ya ce Malama ta sake aikawa. Ta aika, kwamfutar ta yi ɗan ƙara, saƙon ya bayyana a sama.

"Alhamdu lillahi, ya gyaru," in ji dattijon.

"Masu akwatin fa? Kamfanin. Ba sa ajiye kwafi?"

"Akwai wurin da ake cike koke. Zan cike miki yanzu. Amma abin da ya daɗe haka, ban taɓa ganin ya dawo ba."

"Ina ofishinsu?"

Ya dube ni ta saman gilashi. "Hajiya, ba su da ofishin da za ki je."

Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Ni abin da na iya a duniya shi ne zama a benci. Haka na karɓi gawar mijina, haka na karɓi wurin da nake sana'a. In je in zauna, a kore ni, gobe in dawo, har a gaji da ganina. Wannan karon babu benci, babu ƙofa, babu masinjan da zan gaisar.

Na daɗe ina kallon rubutun da ba na iya karantawa. Sannan na ce, "Inda yake turawa ɗin, kana ganin adireshin?"

"Na kwafe shi kafin in cire. Ga shi."

"To shi ya karanta ke nan."

"Wa?"

"Ɓarawon. In ɗana ya rubuto, wurinsa ta je. Duk duniya shi kaɗai ya sani."

Injin wutar maƙwabta yana ta ƙara.

"Rubuta masa," na ce.

Dattijon ya ce ba a yin haka. Ya ce irin waɗannan mutanen in ka yi musu magana sun san kana nan, za su dawo maka da wata dabarar. Zai iya ma cewa shi ne ɗan nawa. Na ce zan gane, akwai abin da zan tambaya wanda ɗana kaɗai ya sani. Malama ta share fuska ta ce, "Malam, rubuta mata." Ya ja kujera.

"Ina ji."

"Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka."

Ya ɗauke hannu daga kwamfutar. "Hajiya, ɓarawo ne fa."

"Na sani."

"Har da iyalinsa?"

"Roƙo zan yi. Ni ban taɓa shiga gidan mutum roƙo ba sallama ba. Rubuta."

"To me zan kira shi? Ranka ya daɗe?"

"Kada ka yi mini ba'a, Malam. Ka ce bawan Allah."

Ya rubuta. Na ci gaba, yana bugawa, yana tsayar da ni in na yi sauri. Ga abin da na ce, ban manta ko kalma ɗaya ba:

"Ni ce matar da ka shiga akwatinta. Shinkafa nake sayarwa. Ba 'yan sanda ne suka sa ni ba, ba kuma neman ka nake yi ba. Ina da ɗa a tafiya, wannan akwatin kaɗai ya sani. Wata biyar wasiƙuna suna zuwa wurinka. In ka ga tasa a ciki, ka dawo mini da ita. In ka share, ka faɗa mini abin da ya ce. In ba ka tuna ba, ka ce mini e ko a'a kawai, ya rubuto ko bai rubuto ba. In ka amsa masa da sunana, ka faɗa mini me ka ce masa, ko ka ce na warke ko ka ce na mutu."

Nan na tsaya. Malama ta ce a ƙara cewa na yafe masa, zai fi saurin amsawa. Dattijon ya juyo.

"Kin yafe ɗin?"

Na yi tunani. Ban yafe ba. Kuma ban ga dalilin da zan yi ƙarya a wasiƙar da nake neman gaskiya da ita ba.

"Ka ce in ya amsa, na yafe. Duniya da lahira."

Ya ce wataƙila mutumin ba ya jin Hausa. Malama ta matso da kwalinta, suka juya ta Turanci a ƙasa. Sun ɗan yi gardama a kan yadda za a ce bawan Allah, suka bar shi da Hausa. Na sa ya karanta mini ta Hausar daga farko. Da na ji maganata a bakin wani, sai na ji kamar wata tsohuwa ce can take roƙo, ba ni ba. Na ce ya aika.

Ya danna.

Na miƙe, na gyara zani, ina tunanin kulolina. Ban kai ƙofa ba kwamfutar ta yi ƙaran nan. Malama ta damƙe mini hannu har farcenta ya shige ni.

"Ya amsa?" na ce.

Dattijon ya kusantar da fuska. Ya karanta a zuci, leɓensa yana motsi. Ya cire gilashin ya goge da bakin riga.

"Ba shi ba ne. Na'ura ce. Wasiƙar ce ta dawo."

"Me ya dawo da ita?"

"Wai babu wannan adireshin. An rufe shi."

"Shi ya rufe?"

"Ko shi, ko wasu sun kai ƙara an rufe masa. Ba a faɗa ba."

"Tun yaushe?"

"Shi ma ba a faɗa ba."

"Sake aikawa."

Ya sake, don ya ga fuskata. Ta sake dawowa, wannan karon ko zama ban yi ba.

Ban taɓa zaton zan ji haushin an toshe wa ɓarawo hanya ba. Ranar na ji. Da ina da iko da na buɗe masa ita, ya ci gaba da satarsa na kwana ɗaya tak, ya karanta tawa.

Dattijon ya cike koken da ya yi alkawari. Sun amsa bayan kwana biyu, Malama ta karanta mini. Sun ba ni haƙuri da Turanci mai kyau.

A ranar dai, daga shagon muka koma gindin katanga ni da Malama. Shinkafa ta huce, lokacin cin abinci ya wuce, mai goro ya ce mutane sun zo sun koma. Direba ya leƙo daga mota ya ce, "Inna, yaya?" Na ce an gyara. Ya ce madalla, ya ga fuskar Malama, bai ƙara magana ba. Ban taɓa ganin ya yi shiru haka ba.

Abu na ƙarshe da na ji daga ɗana shi ne zai tafi bakin teku. Abu na ƙarshe da ya ji daga gare ni, in ya ji, shi ne ina kwance an yanka cikina. Wataƙila ya rubuto sau goma a watannin nan huɗu, ya gaji, ya yi mini addu'a ya haƙura. Wataƙila bai kai garin ba ma. Na juya abin ta kowane gefe, ban san wanda zan roƙi Allah ya zama shi ne ba.

Yanzu duk ranar Juma'a, kafin a tashi masallaci, ina sa Malama ta aiko mini da saƙo daga wayarta, ta buɗe akwatin a gabana in gani da idona. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Nata yana shigowa.